Kun Ajiye Alƙalami, Yanzu Sai Ina?

Karatun yau: 1 Sama'ila 16:1-13, Yakubu 4:13-17



Kowace shekara, sa'ad da damina ta kankama manoma suna fama da noman fari, akwai waɗansu da ke zaune a gida suna jiran nasu girbin. Su ne 'ya'yanmu 'yan ajin ƙarshe na lise. A Nijar da Cadi da Kamaru sun rubuta BAK, a Gana kuwa sun rubuta WASSCE. A tsarin Nijar, yaro yakan yi shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. Shekara 13 ke nan na tashi da sassafe, da tafiya cikin sanyin hunturu da zafin bazara, wani lokaci ma ba karin kumallo. Yanzu an ajiye alƙalami. Duk wanda ya gamu da su tambaya ɗaya yake yi musu: "To, yanzu sai ina?"

Saƙonmu na yau naku ne, ya ku samari da 'yan mata masu gama makaranta. Iyaye da dattawan ikkilisiya, ku ma kada ku yi nisa, gama akwai rabonku a ciki.

Abin da Allah yake dubawa

A karatunmu na fari, Allah ya aiki annabi Sama'ila zuwa Baitalami, gidan Yesse, domin ya keɓe sabon sarki. Da Sama'ila ya ga Eliyab, babban ɗa, dogo kyakkyawa, sai ya ɗauka shi ne. Allah ya hana shi. Ya nuna masa cewa mutum surar waje yake gani, shi kuwa zuciya yake dubawa. 'Ya'ya bakwai suka wuce a gaban annabin, ba a zaɓi ko ɗaya ba. Sai da aka aika daji aka kirawo autan, wanda ko mahaifinsa bai tuna da shi ba, yana can bayan tumaki. Shi ne Dawuda.

Takardar sakamako tana nuna makin lissafi da na Faransanci da na falsafa. Wannan yana da amfani, kada kowa ya raina shi. Amma takardar ba ta da gurbin da ake rubuta gaskiya, ko tausayi, ko tsoron Allah. A aji ɗaya za ka sami mai surutu da mai shiru, mai gaggawa da mai nawa, mai ban dariya da mai yawan tunani. Yatsun hannu ma ba tsayinsu ɗaya ba. Wanda ya yi su haka ya san amfanin kowanne. Bari mu dubi waɗansu mutane a Littafi Mai Tsarki, wataƙila ka ga kanka a cikinsu.

Ko kai Bitrus ne?

Kowane aji yana da nasa Bitrus. Shi ne mai ɗaga hannu tun malam bai gama tambaya ba. Shi ake zaɓa shugaban aji, shi ne kuma a gaba in za a kai kuka wurin darakta. Bitrus ne ya fita daga jirgi ya taka ruwa, shi ne ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, shi ne kuma ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare guda. Hausawa suna cewa hali zanen dutse. Amma wanda ya halicci dutsen yana da iko ya sassaƙa shi. Bakin nan da ya yi musu a tsakar gidan babban firist, shi ne ya yi wa'azi a ranar Fentikos har mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya.

Ɗana, in kai mai zafin nama ne, ka gode wa Allah. Ƙasa tana bukatar masu tashi tsaye. Sai dai ka sani, a jami'a da cikin gari akwai masu neman irinka domin su sa ka gaba, su kuwa su laɓe a baya. Kafin ka ce "ku biyo ni", ka tabbata kai kanka ka san wanda kake bi.

Ko Toma?

Akwai mai yawan tambaya, wanda ba ya yarda da magana sai ya ga dalili. Sau da yawa a ikkilisiya mukan ji tsoron irin wannan yaro, mu ce boko ya ɓata shi. Amma ku tuna, Toma ne ya fito fili ya ce wa Yesu ba su san inda za shi ba, balle hanyar. Saboda tambayarsa muka sami amsar nan mai daraja da ke Yahaya 14:6. Bayan tashin Ubangiji daga matattu, Toma ya ƙi gaskatawa sai ya ga gurbin ƙusoshi. Yesu bai kore shi ba. Bayan kwana takwas ya zo ya nuna masa hannuwansa.

Ku lura da abu guda: a cikin kwanakin nan takwas Toma bai bar taron 'yan'uwa ba. Yana tare da su sa'ad da Yesu ya sāke bayyana. A jami'a za ka ji tambayoyin da ba ka taɓa ji ba game da Allah, da halitta, da Littafi Mai Tsarki. Ka yi tambayarka, ka yi bincike, ka nemi waɗanda suka girme ka cikin bangaskiya ku tattauna. Abin da zai cuce ka shi ne ka ɗauki shakkarka ka shige ɗaki kai kaɗai ka rufe ƙofa.

Ko Timoti, ko Andarawas?

Akwai kuma masu kunya, waɗanda suka yi shekara uku a lise amma waɗansu malamai ba su riƙe sunansu ba. Timoti saurayi ne mai yawan laulayi, har Bulus ya riƙa ƙarfafa shi kada ya ji tsoro, kada kuma ya bar kowa ya raina shi don ƙuruciyarsa. Duk da haka shi Bulus ya bar wa riƙon ikkilisiyar Afisa, ya kuma shaida wa Filibiyawa cewa ba shi da wani kamarsa wajen kula da mutane da zuciya ɗaya. Andarawas ma ba mu da wani dogon wa'azinsa a rubuce. Amma shi ne ya kawo ɗan'uwansa Bitrus wurin Yesu, shi ne kuma ya lura da yaron nan mai gurasa biyar da kifi biyu a cikin taron dubbai.

'Yata, ɗana, in kai mai shiru ne, kada ka ce ba ka da baiwa. Mai shiru yakan ga abin da mai surutu bai gani ba. Majiyyaci a asibiti da yaro a aji suna bukatar wanda zai lura da su.

Ko Marta?

Akwai 'yan matan da su ne ƙashin bayan gidajensu. Kafin su tafi makaranta sun ɗebo ruwa, sun yi shara, sun shirya ƙanne. Da dare sai an gama wanke-wanke suke buɗe littafi. Hukumar UNICEF ta nuna cewa a Nijar wajen 'yan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Saboda haka yarinyar da ta kai ajin ƙarshe na lise ta haye babban kogi, ita da iyayen da suka tsaya mata.

'Yata, ƙwazonki abin yabo ne. Amma ki tuna da abin da Yesu ya faɗa wa Marta a Luka sura 10, sa'ad da hidima ta sha kanta har ta rasa lokacin zama ta saurare shi. Ya nuna mata cewa akwai abu guda da ya fi kome zama dole. Marta ta ji. A Yahaya sura 11, ita ce ta tsaya a gabansa cikin baƙin cikin rasuwar ɗan'uwanta ta shaida cewa shi ne Almasihu, Ɗan Allah. Kada karatu, ko aiki, ko hidimar gidan miji su ƙwace miki wurin zamanki a gaban Ubangiji.

Buri da lokacin Allah

In ka tambayi 'yan ajin ƙarshe abin da suke so su zama, za ka ji amsoshi masu daɗi. 'Yan sashen D da yawa suna son likitanci, 'yan sashen C aikin injiniya, 'yan sashen A shari'a ko aikin jarida. Wani yana son soja, wani kasuwanci, wata ungozoma, wata malamar makaranta. Buri ba zunubi ba ne. Saurayin da ba shi da buri kamar gona ce da ba a shuka kome a cikinta ba, ciyawa ce za ta cinye ta.

Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da ya yi mafarkansa. Yana da shekara 30 sa'ad da ya tsaya a gaban Fir'auna. Tsakanin nan shekara 13 ne, daidai da shekarun da kuka yi a makaranta. A cikinsu akwai rijiya, da bauta a gidan Fotifar, da ƙazafi, da kurkuku, da mantuwar wanda ya yi wa alheri. A gidan Fotifar ya koyi riƙon dukiya, a kurkuku ya koyi riƙon mutane. Da ranar ta zo, waɗannan darussa ne ya yi aiki da su ya tara hatsin shekara bakwai na ƙoshi domin shekara bakwai na yunwa. Allah bai ɓata ko shekara guda a cikinsu ba.

Ku ma za ku gamu da jinkiri. Karatun likita yakan ci shekara bakwai ko fiye. Akwai yajin aiki, akwai makarar kuɗin tallafi, akwai zaman jiran aiki bayan an karɓi digiri. A nan ne gargaɗin Yakubu yake da amfani. Ya yi magana da masu tsara cewa za su tafi gari kaza, su shekara, su yi ciniki, su ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta kawo ba. Bai hana su shiri ba. Ya koya musu su sa nufin Ubangiji a gaban shirinsu. Mukan ce "in Allah ya yarda" sau goma a yini ba tare da tunani ba. Ma'anarsa ta gaskiya ita ce, in Allah ya rufe ƙofar da nake so, ba zan haura ta katanga ba. Ba zan sayi takardar shaida ba, ba zan ba da cin hanci a sa sunana ba, ba zan ba da jikina domin maki ko aiki ba.

Burin nan domin wa?

Ga tambaya ta biyu: in ka sami abin da kake nema, wa zai amfana? A ƙarshe Yusufu ya gane cewa an ɗaukaka shi ne domin a ceci rayuka da yawa, har da na 'yan'uwan da suka sayar da shi.

Babbar jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni tun 1992. An haife shi a Tasawa a 1929, ya yi zurfin karatun kimiyya a Faransa. Ya komo gida ya ba da ƙarfinsa ga binciken yadda za a mori hasken rana, abin da ƙasarsa take da shi a yalwace, har ya rasu a 1991. Ku dubi kuma asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950. Fiye da shekara 70 ke nan masu jinya da likitoci, 'yan ƙasa da baƙi, suna karɓar marasa lafiya a wani gari da ke nesa da babban birni, ba tare da tambayar addinin mutum ba. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, saboda haka ƙofofin karatu sun fi na zamanin iyayenku yawa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Wa zai koyar da su? Wa zai yi musu magani? In kowane mai ilimi ya ce sai Yamai ko ƙasar waje, wa zai zauna a ƙauyen da ya haife ku?

Kada kuma ku raina aikin hannu. A Fitowa sura 31, Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar itace. Ubangijinmu kansa an san shi a Nazarat da sassaƙa, Bulus kuma da ɗinkin alfarwa ya ci abinci. Mai BAK da ya koyi haɗa faranti mai aiki da hasken rana, ko gyaran famfo, ko noman rani, bai faɗi ƙasa ba.

Ga masu barin gida

Da yawanku za su bar gida karo na fari. Ba uwa mai tashe ku zuwa sujada ran Lahadi, ba uba mai tambayar inda kuka kwana. Daniyel da abokansa uku samari ne sa'ad da aka kwashe su zuwa Babila. An sa su makarantar fada ta shekara uku, an koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa, har sunayensu aka sauya. Sun yi karatun da gaske, har sarki ya same su sun fi masanan ƙasar nesa ba kusa ba. Amma tun farko Daniyel ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa ba. Ya yanke shawarar tun kafin a ajiye akushin a gabansa. Ya kuma riƙe abokai masu tsoron Allah, waɗanda ya nemi su yi addu'a tare da shi a ranar da ransu yake cikin hatsari.

Saboda haka tun kana gida ka yanke abin da ba za ka taɓa ba. A makon farko da ka sauka, ka nemi ikkilisiya da ƙungiyar ɗalibai masu bi. Ka zauna lafiya da abokan ɗakinka Musulmi, ka girmama su, ka bar halinka ya yi shaida kafin bakinka.

Akwai kuma masu cewa ba abin da ya rage a ƙasar nan, gara su bi ta Agadas su tsallaka hamada. Wayar hannu tana nuna muku hoton wanda ya isa yana tsaye kusa da mota. Ba ta nuna waɗanda ba su isa ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Tafiya neman ilimi ko aiki ba laifi ba ce in ta hanyar gaskiya ce, da takardu, da sanin iyaye. Amma ranka ya fi ƙarfin a sa shi a caca. Zafin nema ba ya kawo samu.

Ga wanda bai ga sunansa ba

Kowace shekara ɗalibai masu yawa ba sa samun BAK. Wataƙila kai ne, ko ke ce. Ana guɗa a gidan maƙwabta, kai kuwa ka kasa fita ƙofar gida. Ka saurara da kyau. Jarrabawa ka faɗi, Allah bai yashe ka ba.

Yahaya Markus ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta fari, amma da suka kai Bamfiliya sai ya juya gida. Bulus ya ƙi sāke tafiya da shi, har gardama ta raba shi da Barnaba. Barnaba ya ɗauki saurayin ya ba shi dama ta biyu. Shekaru bayan haka, Bulus yana kurkuku, ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi.

Mutanen Maraɗi sun san wani misali da idonsu. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa a gonaki kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne da aka sare, saiwoyinsu kuwa suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara zaɓen rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su kiyaye su daga dabbobi da gatari. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin kadada wajen miliyan 5 a Nijar. Tun da daɗewa Ayuba ya faɗi haka a sura 14, cewa itacen da aka sare yana da sauran bege, da ya ji ƙanshin ruwa sai ya toho. Shekara 13 na karatunka saiwa ce, tana nan. Ka zaɓi reshe guda, ko maimaita aji ko koyon sana'a, ka datse zaman banza da miyagun abokai da ƙwaya. In baƙin ciki ya yi maka nauyi har kana tunanin cutar da kanka, kada ka yi shiru. Ka faɗa wa fasto, ko mahaifiyarka, ko wani babba da ka amince da shi, yau ɗin nan.

Ga iyaye da ikkilisiya

Iyaye, Yesse ya manta da ɗan da Allah ya zaɓa. Kada ku auna 'ya'yanku da ɗan maƙwabci, kada kuma ku ɗora musu burin da ku kuka kasa cikawa. Ku zauna ku tambaye su abin da ke ransu, ku saurara har su gama. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta faro. Abin da yaro ya gani a gida shi zai ɗauka zuwa jami'a.

Dattawa, ku kira masu gama makaranta gaban jama'a ku yi musu addu'a, waɗanda suka ci da waɗanda ba su ci ba. Ku rubuta wa ikkilisiyar garin da za su, domin a karɓe su. Kowane Markus yana bukatar Barnaba.

Abin tunani

Wane hali ne Allah ya ba ka, ka kuwa miƙa masa shi? In burinka ya cika, wa zai gode wa Allah saboda kai? Ka riga ka ba Yesu Almasihu zuciyarka, ko kuwa bangaskiyar iyayenka kake ara? Ya mutu domin zunubanka, ya tashi daga matattu, yana kuma kiranka da sunanka. Wannan ita ce shawarar da ta fi zaɓen jami'a girma.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin 'ya'yanmu da ka kawo ƙarshen karatunsu na lise. Kai ka yi su, ka san halin kowannensu. Ka ba mai gaggawa haƙuri, mai tsoro ƙarfin zuciya, mai shakka haske. Ka ta'azantar da waɗanda ba su yi nasara ba, ka buɗe musu hanya. Ka kiyaye masu barin gida daga mugunta. Ka sa iliminsu ya zama albarka ga iyayensu, da ikkilisiyarka, da ƙasashenmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.